Farfelar Wutsiya da Masu Duba Ta

Mai injin ban-ruwa a fadamar Diggi, cikin ƙaramar hukumar Kalgo, ba ya neman makanike sai boris ya fara kuka. A sana'ar gyaran jirgi mai saukar ungulu kuwa, wanda ya jira kukan ƙarfe ya makara.

Tun 1939, lokacin da Igor Sikorsky ya tashi da jirginsa VS-300 a Amurka, aka san amfanin ƙaramar farfelar nan da ke wutsiya. Idan babbar farfelar sama tana juyawa, gangar jirgin takan nemi juyawa ɗaya gefen, ƙaramar ce ke riƙe ta. Da zarar ta ƙwace, jirgi sai ya kama hajijiya.

Shi ya sa sana'ar ta ginu a kan lissafi. Muhimman sassa suna da awoyin tashi da aka yanka musu, in sun cika a cire su ko da suna sheƙi. Noti ana ɗaure shi gwargwadon awo, a kulle da waya. Injiniya ya gama, wani ya sake dubawa, dukansu su sa hannu a littafin jirgin. Irin horon da ake bayarwa ke nan a Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964.

Galibin waɗannan dokoki bayan asarar rayuka aka rubuta su. Masoya ƙwallo a Arewa sun san Leicester, ƙungiyar da Ahmed Musa ya bari 'yan watanni kafin jirgin mai ita ya yi haɗari. Ranar 27 ga Oktoba 2018, bayan wasa da West Ham, jirgin mai ƙungiyar, Vichai Srivaddhanaprabha, samfurin AW169, ya tashi daga tsakiyar fili. Bai yi nisa ba ya soma juyi, ya faɗo, wuta ta kama. Mutum 5 suka rasu. Rahoton masu bincike na Birtaniya da ya fito a 2023 ya nuna boris ne na farfelar wutsiya ya lalace ya cije, sandar da ke sarrafa farfelar ta rabu da mahaɗinta, matuƙi yana taka feda ba ta amsawa. Abin da ya fi sosa rai, jirgin ya yi kimanin awa 330 ne kawai, alhali a lokacin sai a awa 400 ake buƙatar duba wannan boris.

Nan da nan bayan haɗarin, hukumar kiyaye lafiyar jiragen Turai ta ba da umarnin gaggawa a binciki wutsiyar duk jirage irinsa. Masu gyara ba su saɓa littafi ba a wannan karon, littafin ne ya gaza, kuma dole aka sake shi.