Farantin Talla a Kan 'Ya Mace

'Yar'uwa, kin taɓa tambayar kanki yadda aka yi farantin talla ya zama rabon 'ya mace? Tun zamanin kakanninmu matar aure tana kulle, sai ta soya ƙosai ko ta kirɓa fura, 'yarta ta fita da shi, ana tara ribar don kayan ɗaki. A da ƙwarya ce da tukunya. Sai kwanoni da langa suka shigo, daga baya tangaran da kujeru. Kaya na ƙaruwa, yinin talla na ƙara tsawo.

A 1976 gwamnatin Obasanjo ta kawo karatun firamare kyauta. Aka tura maza, amma gidaje da yawa suka riƙe mata, wai wa zai ɗauki faranti? Da tsarin SAP ya zo a 1986, tsada ta ƙara matse iyaye, yarinya ta zama asusun gida.

To ga rashin adalcin. Saurayi ya kai dare a waje, a ce ƙuruciya ce. Yarinya kuwa mu muka aike ta tasha, amma in wani ya lalata ta, ita ake zagi, shi ko sunansa ba a ji.

Alhali Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta kafa 'Yan Taru, jajojinta suna rako 'yan mata daga ƙauyuka zuwa ɗaukar karatu. Wannan ma gadonmu ne.

Kwanon jere yana tsatsa, karatu ba ya yi. Allah Ya ganar da mu, amin.