Wake da Garka a Tarihin Suleja



Wanda ke shiga manyan kantunan Abuja ya san akwai sashen da ake jera hatsi da kayan miya a ƙunshe cikin leda, an manna musu takarda cewa ba su ga takin zamani ko maganin ƙwari ba. Kuɗinsu ya fi na kasuwa nesa ba kusa ba. Abin da ake sayarwa da tsada haka, shi ne kakanninmu na Suleja suke tsinka kyauta a garka. Ga matasan da ba su san kalmar ba, garka ita ce 'yar gonar da ake kewayewa da darni a gefen gida, a shuka kuɓewa, yakuwa, barkono, masara, da wake yana yaɗo a ƙarƙashinsu. A kan waken nan nake son mu tsaya, domin tarihinsa ya sarƙe da na garinmu fiye da yadda muke zato.

Wake ba baƙo ba ne a Afirka ta Yamma. Masu haƙar kayan tarihi sun samu ƙonannun ƙwayoyinsa a Kintampo, tsakiyar ƙasar Ghana, waɗanda shekarunsu suka haura 3,500. Daga yankinmu ya ƙetare teku a zamanin cinikin bayi, shi ya sa har gobe mata a jihar Bahia ta Burazil suke toya ƙosai a bakin titi. Yau Najeriya ce kan gaba a duniya wajen nomansa, Nijar na biye mata.

Mu dawo gida. A farkon ƙarni na 19, da jihadi ya ci Zazzau, Sarki Muhamman Makau ya yo kudu da jama'arsa ya sauka a Zuba. An kashe shi a yaƙi kusa da Lapai a 1825, ƙaninsa Abu Ja ya gaje shi, ya kafa garin Abuja a 1828. Wannan kowa ya sani, kuma Alhaji Hassan Dallatun Abuja da Malam Shu'aibu Na'ibi sun rubuta shi tun tuni. Abin da ba a cika tunawa ba shi ne mutanen nan manoma ne da suka baro ƙasa ɗaya suka faɗo wata dabam. A nan ruwa kan sauka tun Afrilu, ba ya ɗaukewa sai ƙarshen Oktoba. Ƙasa ce ta doya da dawa, wadda Gbagyi da Koro da Gade suka riga kowa sanin halinta.

Wake kuwa yana da wata ɗabi'a da ta sa wannan ƙaura ba ƙaramin abu ba ce gare shi. Tsofaffin irurukanmu masu yaɗo, kamar Kanannado, ba kwanakin shuka suke ƙirgawa ba, tsawon yini suke bi. Ko yaushe ka shuka su, ba za su yi fure ba sai yini ya fara gajarta. Masu bincike sun lura cewa irin kowane yanki ya saba da yin fure daidai lokacin da damina ke ƙarewa a yankin. To ka ga irin da ya dace da Kano, idan aka kawo shi inda ruwa ke kaiwa Oktoba, zai iya yin 'ya'ya ana tsakiyar ruwa, kwanson ya ruɓe kafin ya bushe. Saboda haka manomin yankinmu ba ya gaggawar shuka waken rumbu. Yakan jira sai wajen Agusta ya cusa shi tsakanin masara ko dawa, ya girbe a Nuwamba da iskar hunturu. Ba a makaranta aka koyi wannan ba, asara ce ta koyar.

Garka kuma lissafinta dabam ne da na gona. Mai gona buhu yake nema, mai garka tukunyar yau take dubawa, kuma galibi mata da tsofaffi ne ke riƙe da ita. Dabarar ita ce kada wake ya nuna gaba ɗaya. Ana shuka mai saurin nuna da farkon damina, bayan 'yan makonni a ƙara wani, sannan mai yaɗo ya zo a ƙarshe. Tun tsiron yana ƙarami ake tsinkar ganyensa mai taushi a sa a miya. In ya yi kwanso ana cire ɗanye a dafa da gishiri, yara su ɓare su ci, kuma mai yaɗo in ana yawan tsinkarsa ba ya saurin daina fure. Busasshen ya tafi ƙosai, alale da ɗanwake, harawar kuma ta awaki ce da rani. Daga tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa sabon hatsi bai iso ba, har zuwa kaka, gida bai rasa abin sa wa a baki ba.

Taki kuwa daga cikin gidan yake fitowa: kashin awaki, tokar murhu, sharar tsakar gida da ta ruɓe a juji. Wake ba mai ci da yawa ba ne. In ka tuge shi za ka ga 'yan ƙulle-ƙulle a saiwarsa, a cikinsu ne wasu ƙwayoyin halitta suke jawo sinadarin naitirojin daga iska, wato abin da muke saye a buhun yuriya. Kakanninmu ba su san sunan ba, amma sun san inda wake ya kwana bara, dawa za ta yi kyau bana. Wanda ya zuba masa kashin kaji ba awo kuwa zai ga ganye kore shar, kwanso babu.

Ajiya ma tana da nata ilimi. A shanya waken ya sha rana sosai, a gauraya shi da toka ko yashi mai laushi don ƙwaro ya rasa hanyar motsi, a zuba a tukunya a liƙe bakin da laka. Tukwane kuwa ba a rasa su a wannan ƙasa ba. Gwanintar matan yankin ce ta sa Bature Michael Cardew ya zaɓi garinmu ya kafa makarantar tukwane a farkon shekarun 1950, inda Ladi Kwali ta shiga a 1954. Duniya ta san tukwanen a matsayin kayan ado, mu kuwa a cikin danginsu muke ajiye ruwa da iri.

Sai 1976 ta zo. A ranar 3 ga Fabrairu Janar Murtala ya ba da sanarwar sabon babban birni, a lokacin ne kuma aka ƙirƙiro jihar Neja. Masarautarmu ta ba da ƙasa mai yawa, ta ba da har sunanta, garin ya koma Suleja don girmama Sarki Sulaimanu Barau. A cikin shekarar ne gwamnatin Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ciyar da ƙasa na OFN, tana kiran kowa ya noma ko da ɗan filin gefen ɗakinsa ne, tana kuma raba takin zamani da rahusa. Abin mamaki, a daidai lokacin da ake wannan kira ne garkar Suleja ta kama hanyar ɓacewa. Ma'aikatan hukumar gina birnin a nan suka fara sauka, unguwar Field Base shaida ce. Gwamnati ta tare a Abuja a Disambar 1991, rusau na shekarun 2003 zuwa 2007 ya ƙara koro jama'a zuwa Suleja da Madalla. Duk mai ɗan fili ya yi lissafi ya ga ɗakin haya ya fi kunyar wake kawo kuɗi. Ni ban ga laifin kowa ba, wanda ke da 'ya'ya a makaranta ba zai ƙi haya don ganyen miya ba. Amma dai da garkar ta tafi, gida ya koma dogaro da waken da bai san inda ya kwana ba.

Nan ne gizo ke saƙa. Wake yana da maƙiya a gona da rumbu: darɓa, wuta-wuta, tsutsar da masana ke kira Maruka mai huda fure da kwanso, sai ƙwaron da ke mayar da buhu gari. Ɗan kasuwa mai ɗaruruwan buhuna ba zai tsaya neman toka ba, sai wasu suka koma zuba guba kai tsaye. A 2008 ɗalibai mata sama da 100 a wata makaranta a jihar Gombe sun kwanta asibiti bayan cin wake. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya saboda yawan sinadarin dikulobos, wanda shi ne ke cikin maganin Sniper, a 2016 kuma ta ƙara wa'adin. A 2019 NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben maganin a kasuwanni barkatai. Ba duk 'yan kasuwa ke wannan ba, amma wake ɗaya ke ɓata gari. Turawa sun rufe ƙofarsu sun huta, wanda aka hana shiga can kuwa a tukunyarmu ya ƙare. Ga kuma tsada: alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna farashin jan wake ya ninka fiye da sau uku tsakanin Yunin 2023 da Yunin 2024.

Kada a ɗauka ina cewa manomi mai eka goma ya jefar da famfon feshi. In ya yi haka tsutsa za ta cinye mafi yawan amfaninsa, shi ya sa ma cibiyar binciken noma ta Samaru ta fitar da irin SAMPEA 20-T a 2019, wanda aka sauya wa ƙwayar halitta don ya kare kansa daga Maruka, ko da yake har yanzu ana muhawara a kansa. Amma kunya biyar a gefen katanga, ko buhunan siminti goma da aka cika da ƙasa, ido da hannu sun ishe su. Ana duba su da safe a cire abin da tsutsa ta taɓa, a daka 'ya'yan darbejiya a jiƙa su kwana, a tace a yayyafa da yamma. Darbejiyar ma baƙuwa ce, daga Indiya asalinta, a 1928 aka fara dasa ta a Borno.

Zamani ma ya taimaki mai garka. Tun shekarun 1980 cibiyar IITA ta Ibadan ta fitar da irin da ke nuna cikin kwana sittin zuwa saba'in ba tare da jiran gajartar yini ba, don haka a daminar Suleja mai tsawo ana iya shuka shi sau biyu, har uku. Buhun PICS mai ruɓi uku, wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta yaɗa daga 2007, dabarar tukunyar da aka liƙe da laka ce aka sabunta: a hana ƙwaro iska ya mutu. Mai mudu biyar ko jarka mai tsabta ya cika ta maƙil ya toshe, ta wadatar.

Abin da ya fi wuyar dawowa shi ne irin. IITA na ajiye da nau'in wake sama da 15,000 a ɗakin sanyi, da yawansu daga hannun ƙananan manoma aka tattaro su. Irin da ya saba da ruwan Suleja kuwa, in ya rage, yana ƙauyukan Gbagyi na kewayenmu da ƙullin zanen wasu tsofaffi a cikin gari. Duk wanda ke da uwa ko kaka mai irin wannan ajiya, ya roƙe ta ko cikin tafin hannu ne kafin Agusta, ya kuma tambaye ta sunan da take kiransa.