Ta Wace Hanya Taliya Ta Shigo Ƙasar Hausa?

An daɗe ana cewa Marco Polo ne ya kai wa Italiya taliya daga Sin da ya koma Benis a 1295. Labarin bai da tushe, domin tun a 1154 masanin labarin ƙasa al-Idrisi ya rubuta cewa a garin Trabiya na tsibirin Sisili ana yin ta da yawa, har ana lodinta a jiragen ruwa zuwa ƙasashen Musulmi da na Kirista. Wato sana'a ce da ta kafu a bakin Bahar Rum, a tsibirin da Larabawa suka mulka kusan shekara 200.

Wannan ya shafe mu, saboda mu ma muna da namu kuskuren: ɗaukar cewa taliya ta zo ne tare da kwalayen kamfani. Matar da ke Babban Mutum, a ƙasar Baure ta masarautar Daura, wadda ke kwaɓa fulawa da gishiri, ta murza, ta shanya silin a kan igiya, ta dafa a ci da manja da yaji, a ganina gadon fataken Sahara take riƙe da shi. Hujjata ita ce dangin da taliya ta fito a ciki. Alkaki, gurasa da finkaso duk abincin alkama ne, alhali cimarmu ta asali gero ce da dawa. Alkama kuwa sai da ban-ruwa a lokacin sanyi, kuma matafiya irin su Barth, wanda ya zo Katsina da Kano a 1851, sun tarar ana nomanta, ga kuma 'yan kasuwar Gadamus ta Sahara zaune a birnin Kano. A Tambutu ma, wani mashigin ayarin raƙuma, har yau mata na murza taliyarsu da yatsu.

Mai ja zai ce ai injin murzawa na zamani ne, fulawar ma ta kamfani ce. Gaskiya ne, amma sauya kayan aiki ba ya nuna ranar da sana'a ta faro. Injin niƙa bai ƙirƙiro tuwo ba. Abin da inji da fulawa mai araha suka yi shi ne fitar da abincin alkama daga gidajen sarauta da na attajirai zuwa farantin 'yar talla a ƙauyen bakin iyaka.