Awon basira: daga rumfar Galton zuwa wayar hannu

A shekarar 1884, a wani babban baje kolin kiwon lafiya da aka yi a Landan, wani Bature mai suna Francis Galton ya kafa rumfa, ya jera na'urori a kan dogon tebur. Duk wanda ya biya taro, wato kwabo uku, sai a auna masa ƙarfin damƙar hannu, da kaifin gani da ji, da yawan iskar da huhunsa ke ɗauka, a rubuta masa sakamako a takarda ya tafi da ita gida. Mutum fiye da 9,000 suka bi layi. Galton, wanda ɗan'uwan Charles Darwin ne, ya yi imani cewa basira gado ce, kuma mai kaifin ido da kunne shi ne mai kaifin ƙwaƙwalwa. Wannan hasashe bai yi tsawon kwana ba. A 1901 Clark Wissler ya gwada irin waɗannan awo da makin ɗaliban Jami'ar Columbia a Amurka, ya tarar babu wata alaƙa ta a zo a gani tsakaninsu. Abin da rumfar ta tabbatar shi ne ɗan Adam zai ciro kuɗi daga aljihu don a ba shi lambar da za ta gaya masa matsayinsa.

Gwajin da ya yi aiki daga aji ya fito. Faransa ta wajabta karatun firamare a 1882, ajujuwa suka cika da yaran da a da ba sa zuwa makaranta, malamai suka fara kukan cewa wasu ba sa ɗaukar komai. A 1904 ma'aikatar ilimi ta kafa kwamitin da zai duba lamarin, Alfred Binet yana ciki. Shekara guda bayan haka, shi da wani matashin likita, Théodore Simon, suka fitar da gwaji mai matakai 30, daga mai sauƙi zuwa mai wuya. Babu na'ura. Babba ya zauna da yaro ɗaya, ya ce ya maimaita lambobi uku, ya miƙa masa ƙananan akwatuna biyu ya faɗi wanda ya fi nauyi, ya tambaye shi bambancin ƙuda da malam-buɗe-littafi, ko na katako da gilashi. A gyaran 1908 suka jera tambayoyin bisa shekaru. Tambayar da yawancin 'yan shekara bakwai ke amsawa ta zama ta shekara bakwai, don haka ɗan shekara tara da ya tsaya a nan ana cewa yana baya da shekara biyu, sai a ba shi kulawa ta musamman.

Binet bai taɓa cewa ya gano wata halitta da ke kafe a cikin kai ba. Ya yi ta jan kunne cewa makin yana nuna inda yaro yake a yau ne, ya kuma yi kakkausar suka ga masu cewa basira ba ta ƙaruwa. Har atisaye ya tsara wa yaran ajin musamman: su yi ta motsi, da an ba da alama kowa ya ƙame kamar gunki, ko su cika takarda da ɗige-ɗige cikin ƙayyadadden lokaci, duk don su koyi tattara hankali. Gwajin basira da horar da ƙwaƙwalwa ke nan, tun asali daga hannun mutum ɗaya suka fito. Ya rasu a 1911 yana da shekara 54, bai ga abin da aka yi da aikinsa a ƙetaren teku ba.

A 1912 wani Bajamushe, William Stern, ya ba da shawarar a raba shekarun basira da shekarun haihuwa. Lewis Terman na Jami'ar Stanford ya ɗauki lissafin a 1916, ya ninka da 100, aka sami lambar nan da duniya ta sani da IQ. Ɗan shekara 10 da ya amsa tambayoyin 'yan shekara 12 ya ci 120. Da lamba ta samu, sai ta zama hukunci. Henry Goddard ya tura ma'aikatansa tsibirin Ellis, inda baƙin da ke shiga Amurka ke sauka, suka gwada mutanen da suka kwashe kwanaki a ƙasan jirgin ruwa, a gajiye, a tsorace, yawancinsu ta bakin tafinta. A rahotonsa na 1917 ya ce wajen kashi 80 cikin 100 na Yahudawa da Italiyawa da 'yan Hungary da Rashawan da aka gwada masu raunin hankali ne.

A shekarar ce kuma Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya, Robert Yerkes ya shawo kan rundunar soja ta gwada sababbin kurata. An gwada kimanin mutum miliyan 1.75, masu karatu da takarda mai rubutu, marasa karatu da hotuna. A nan ne aka fara gwada ɗaruruwan mutane lokaci guda da tambayar zaɓi-ɗaya, salon da duk wanda ya rubuta JAMB ya sani. Sai dai a duba tambayoyin. Akwai wadda ke neman a faɗi mene ne Crisco, wani man girki da ake talla a jaridun Amurka. Akwai hoton filin wasan tanis babu raga, a ce wa ɗan ƙauyen da bai taɓa ganin filin ba ya zana abin da ya ɓace. Alƙaluman da kansu sun nuna cewa makin baƙo yana hawa gwargwadon daɗewarsa a Amurka. Carl Brigham ya ga wannan, amma a littafinsa na 1923 ya fassara shi da cewa baƙin baya-bayan nan ne jininsu bai kai na farko ba. A 1930 ya fito fili ya janye maganar, lokacin ɓarna ta riga ta yi nisa. A 1927 Kotun Ƙolin Amurka ta halatta a yi wa wata matashiya, Carrie Buck, tiyatar hana haihuwa ta dindindin ba da son ranta ba, bisa zargin raunin hankali. Waɗanda aka yi wa haka a ƙasar sun haura 60,000.

Duk da wannan baƙin tarihi, kuskure ne a ce gwajin shirme ne. Tun 1904 Charles Spearman na Ingila ya lura cewa yaron da ya yi fice a darasi ɗaya yakan taɓuka a sauran, kuma bincike na shekara ɗari bai rushe wannan ba. A 1939 David Wechsler na asibitin Bellevue a New York ya kawo tsarin da ake bi har yau. Ana fara gwada dubban mutane da aka zaɓo don su wakilci al'umma, a ɗauki matsakaicinsu a matsayin 100, sannan a auna kowa da sa'o'insa. Wajen kashi biyu cikin uku na mutane suna tsakanin 85 da 115, kimanin biyu cikin ɗari ne kawai ke wuce 130. Gwaji na gaske yana cin awa ɗaya ko fiye, ƙwararre ne ke zama da mutum ido da ido, kuma ko shi ba ya ba da lamba ɗaya tak sai ya ce tana tsakanin kaza da kaza. Irin wannan maki yana hasashen yadda yaro zai yi a makaranta daidai gwargwado.

To ina gwajin minti goma na intanet ya shigo? Galibinsu kwaikwayon zanen da John Raven ya wallafa a 1938 ne: jerin siffofi da gurbi ɗaya, ka zaɓi wadda ta dace. Tambayoyin ba su ne matsalar ba. Matsalar ita ce da wa aka gwada ka. Shafin da bai bayyana su wane ne ya ɗauka a matsayin 100 ba tamkar mudu ne da mai hatsi ya ƙera wa kansa, babu wanda ya san ko ya cika. Wasu sai ka gama amsawa su ce biya kafin ka ga maki, ko ka sayi satifiket. Wasu kuma na kyauta ne, suna rabon 130 da 140 don a ɗauki hoto a watsa a Facebook, su kuma su ci kuɗin talla. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Akwai kuma abin da James Flynn na Jami'ar Otago a New Zealand ya tono a 1984 da 1987. Ya tarar cewa a ƙasashe da dama makin jama'a yana hawa da wajen maki uku duk shekara goma, har sai masu gwajin sun riƙa sabunta ma'auninsu. In da makin yana auna halitta zalla, da sai mu ce kakannin Turawan yau wawaye ne, alhali su suka gina masana'antun. Abin da ya canza shi ne makaranta, da abinci, da sabo da irin tunanin da gwajin ke so. Masu bincike a cikin ƙabilar Kpelle ta Laberiya sun ga haka da idonsu. Sun zube wa manoma kaya ashirin, abinci da tufafi da kayan aiki da na girki, suka ce a kasa su. Manoman suka haɗa wuƙa da lemo, fartanya da dankali, suka ce haka mai hankali zai yi. Da aka tambaye su yadda wawa zai kasa, sai suka ware abinci gefe, kayan aiki gefe, daidai amsar da takardar Bature ke nema.

Horar da ƙwaƙwalwa ya zama kasuwa ne a 2005, lokacin da Nintendo ya fitar da wasan Brain Age da sunan Farfesa Ryuta Kawashima na Jami'ar Tohoku a Japan, aka sayi miliyoyi. Shafin wasanni na Lumosity ya biyo baya a 2007. A 2008 Susanne Jaeggi da abokan aikinta suka wallafa cewa wani atisayen riƙe abu a ka yana ɗaga makin gwajin basira, kasuwa ta ƙara buɗewa. Wasu masanan suka maimaita binciken da tsari mai tsauri a 2013, ba su ga komai ba.

Da ma akwai gargaɗi tun 1980. A Jami'ar Carnegie Mellon, Anders Ericsson da William Chase sun sa wani ɗalibi atisayen haddace lambobi. Ya fara da bakwai kamar kowa. Bayan awa fiye da 230 yana maimaita lambobi 79 a jere. Ɗan tsere ne, don haka yakan mayar da lambobin lokutan gudu a ransa, kaza minti kaza daƙiƙa, ya ɗaure su rukuni-rukuni. Ranar da aka karanta masa haruffa a maimakon lambobi, sai ya dawo wajen shida. Sylvia Scribner da Michael Cole ma sun ga makamancin haka a cikin ƙabilar Vai ta Laberiya: waɗanda suka yi karatun allo sun fi saura a gwajin da ake ƙara kalma ɗaya-ɗaya ana biyawa, wato salon hadda, amma fifikon bai bazu zuwa kowane irin gwaji ba.

Ɗaya daga cikin manyan gwaje-gwajen shi ne na Adrian Owen da gidan talabijin na BBC, wanda mujallar Nature ta buga a 2010. Mutum 11,430 suka yi mako shida suna atisaye ta intanet. Kowa ya ƙware a wasan da ya yi, amma a gwaje-gwajen da ba a horar da su ba, ba su fi waɗanda aka sa neman amsoshin tambayoyi a intanet ba. A watan Janairun 2016 hukumar kula da cinikayya ta Amurka ta sa masu Lumosity biyan dala miliyan 2 saboda tallan da ke cewa wasanninsu na kare mutum daga ruɗewar tsufa ba tare da hujja ba. Binciken ACTIVE, wanda ya bi tsofaffi kimanin 2,800 a Amurka, ya ɗan faranta wa masu wasan rai, domin wasu sun riƙe abin da suka koya har shekara goma. Sai dai ko a can, ribar ta fi tsayawa a kan abin da aka horar.

Abin da aka tabbatar yana ɗaga makin ba ya da kyan talla. A 2018 Stuart Ritchie da Elliot Tucker-Drob suka haɗa bayanan mutum fiye da 600,000, suka tarar kowace shekara ta ƙarin karatu tana ƙara maki ɗaya zuwa biyar. Ƙarancin sinadarin aidin a abincin mai ciki yana tauye ƙwaƙwalwar jariri, gishiri mai aidin kuma yana hana hakan. Dalma ita ma haka take, kuma wannan ba labarin nesa ba ne gare mu: a 2010 gubar dalma daga niƙan dutsen zinariya ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Zamfara, ta bar dubbai da ita a jini.

Don haka wanda wayarsa ta ce ya ci 140 kada ya yi walima, wanda ta ce masa 80 kuma kada ya hana kansa barci. Idan yaro ne ake ganin yana ja da baya a aji, a fara kai shi asibiti a duba jinsa da ganinsa, sannan a nemi ƙwararren da zai zauna da shi.