Shari'ar da ta mayar da malamai ɗalibai

A shekarar 1977, iyayen wasu yara baƙar fata mazauna rukunin gidajen Green Road, a garin Ann Arbor na jihar Michigan ta Amurka, suka maka hukumar ilimin garin a kotu. 'Ya'yansu na makarantar firamare ta Martin Luther King sun kasa iya karatu, har an lasafta wasunsu cikin masu rauni wajen fahimta. Iyayen suka ce kwakwalwar yaran lafiya lau take, makaranta ce ta gaza.

Tushen rigimar shi ne harshen da yaran suka taso da shi a gida. A kunnen malamai da yawa na wancan zamani, Turancin baƙar fatar Amurka sara ce kawai, maganar titi da ta kamata a kankare daga bakin yaro. Masana harshe, cikinsu har da William Labov da Geneva Smitherman, suka shaida wa kotu cewa karin harshe ne mai nahawunsa. Wanda ya ce “he be working” yana nufin mutumin yakan yi aiki a kai a kai, ma'anar da daidaitaccen Turanci ba ya fitarwa da kalmomin nan uku. Sara takan zo ta wuce da yayinta. Karin harshe kuwa gado ne, kamar yadda Sakkwatanci yake ga Basakkwace.

A watan Yulin 1979 alƙali Charles Joiner ya yanke hukunci bisa dokar daidaita damar ilimi ta 1974. Ya gano cewa harshen kansa bai hana malami da ɗalibi fahimtar juna ba. Shingen yana cikin kallon da malami ke yi wa mai harshen: yaron da ake gwasalewa duk sanda ya buɗe baki yakan ja jiki ya yi shiru, karatun ma ya fita daga ransa. Alƙalin ya umarci hukumar ta tsara horon da zai sa malamai su gane wannan karin harshe, su yi amfani da saninsa wajen koyar da karatun daidaitaccen Turanci.

Burin iyayen tun farko shi ne 'ya'yansu su ƙware a Turancin makaranta, kuma hukuncin bai sauka daga kan wannan ba. Abin da ya ƙara shi ne sharaɗi a wuyan malami: kafin ya gyara maganar yaro, ya fara sanin ko kuskure ya ji, ko sara, ko harshen gidansu.