Asalin Akwatin da Ake Ja a Kan Hoto

Akwatin nan mai kusurwa huɗu da ake ja a kan hoto da linzamin kwamfuta shi ne karatun farko na ɗan koyo a shagunan buga takardu na Fagge da Sabon Gari a Kano. Ya girmi kwamfutar kanta. Mai wanke hoto a ɗakin duhu yakan matso da ƙarafa huɗu na allonsa ya datse gefen da ba ya so, editan jarida kuma ya sa alama da fensir mai maiƙo a inda za a yanke.

A 1963 Ivan Sutherland ya gabatar da Sketchpad a jami'ar MIT ta Amurka, inda na'ura ke riƙe zane a matsayin layuka da kusurwoyi. A 1973 Richard Shoup na kamfanin Xerox ya bi wata hanya da SuperPaint, wadda ke shafa launi ɗigo bayan ɗigo. MacPaint ta Bill Atkinson, wadda ta fito tare da kwamfutar Macintosh a 1984, ita ta kai akwati iri biyu hannun jama'a: na zane, da na zaɓen yanki, mai layi da ke motsi kamar jerin gwanon tururuwa.

Wasu na danganta ɗaukakar akwatin ga son ado na Steve Jobs, wanda ya matsa wa Atkinson a 1981 ya ƙara akwati mai lanƙwasassun kusurwoyi. Labarin gaskiya ne, amma bai isa hujja ba. Hoto a cikin na'ura jeri ne na ɗigogi a tsaye da kwance, saboda haka kusurwa biyu, wato lamba huɗu kacal, sun wadatar a killace yanki. Ga na'ura irin Macintosh mai ma'adanar kilobait 128, wannan sauƙin ba ƙaramin abu ba ne.

CorelDRAW ta fito daga Kanada a 1989, Photoshop ta Thomas da John Knoll a 1990, shekarar fim ɗin Turmin Danya a Kano. Da kasuwar finafinan Hausa ta buɗe, sai bangon kaset da fasta suka zama abincin masu zane. Ana yawan cewa sabo ne kawai ya ɗaure su ga Corel, alhali yanayin aikin ne. Mai fastar siyasa zai zo da safe yana son sitika, da yamma ya ce a mayar masa da ita bana ta rufe gaban shago. Akwatin Corel lissafi ne, ko an ja shi kamu ashirin bakinsa na nan tsaf. Wanda aka shafa a ɗigogin hoto kuwa dusashewa yake. Hoton fasfo shi ne fagen Photoshop: a ja akwati daga kafaɗa zuwa saman hula, a datse, a jera takwas a takarda ɗaya.

GIMP, manhajar kyauta da ɗalibai biyu suka fara a Berkeley a 1995, ta shafe shekaru ba ta da maɓallin zana akwati. Sai an zaɓi yanki sannan a bi gefensa da layi, abin da ke wahalar da sabon shiga ba gaira ba dalili. A 2001 Paul Viola da Michael Jones suka fitar da dabarar gano fuska cikin sauri, daga nan kyamarori, daga baya wayoyi, suka fara ja wa fuska akwati da kansu.