Baban Yara Ya Tafi Masaƙa: Tarihin Magidantan Nasarawa

Idan dattijo ya rasu a Nasarawa, ko Kakuri, ko Makera, aka taru zaman makoki, tarihin da 'ya'yansa ke bayarwa yakan bi hanya ɗaya. An haife shi a wani ƙauye mai nisa. Ya shigo Kaduna yana saurayi da ɗan ƙullin kayansa. Ya sami aiki a masaƙa, ya koma gida aka ɗaura masa aure, ya kama ɗakin haya, ya haifi 'ya'ya ya sa su makaranta. Daga baya aka rufe kamfanin, ba a biya Baba haƙƙinsa ba. Gidan Musulmi da gidan Kirista duk labarin ke nan, sunan ƙauye da sunan masaƙa kawai ke bambanta. Mai son sanin waɗannan magidanta sai ya fara da injin da ya ci ƙuruciyarsu.

Yadda kudancin kogi ya cika

Kaduna gari ne da aiki ya tara wa jama'a. Ƙasar Gbagyi ce tun asali, kafin Turawa su dawo da hedikwatar Arewa nan daga Zungeru a 1917. Arewacin kogi ya zama wajen ofisoshin gwamnati da barikin soja da gidajen manyan ma'aikata. Kudu kuwa, inda layin dogon Legas ya haɗu da na Fatakwal, ya zama na masu aikin ƙarfi.

A wancan zamani audugar Funtuwa da Gusau da Malumfashi da Zariya jirgin ƙasa ke kwashe ta zuwa bakin teku, a saƙa ta a Ingila, a dawo a sayar wa manomin da ya shuka ta. Gwamnatin Sardauna Ahmadu Bello ta nemi a riƙa saƙa ta a gida. Ta haɗa hannu da kamfanin David Whitehead and Sons na yankin Lankasha, aka gina Kaduna Textiles Limited, wato KTL, a Kakuri, ta fara aiki a 1957. Ita ce babbar masaƙar zamani ta farko a Najeriya, kuma da akoko ta fara. Nortex ta biyo baya. A 1964 aka kafa United Nigerian Textiles, UNTL, ta attajirin Hong Kong Cha Chi Ming, sannan Arewa Textiles da jarin Japanawa. A gefensu ga kamfanin ƙera makamai na DICON, ga na harhaɗa motocin Peugeot da ya fara a 1975.

Kakuri da Makera ba su iya ɗauke mutanen da suka kwararo ba, sai gine-gine suka malala zuwa Nasarawa da Tirkaniya da Kudandan. Akwai Zagezagi da Katsinawa da Kanawa, akwai Bajju da Atyap da Ham daga kudancin Zariya, akwai Tibi da Idoma da Igala da Nufawa da mutanen Filato, har da Yarabawa da mutanen Auchi. Hausa ce ta haɗa su a gaban inji, ita ce kuma yaransu suka tashi da ita a tsakar gidan haya, inda ɗakuna ke jere suna kallon juna, rijiya ɗaya, makewayi ɗaya.

Gidan da jiniya ke juyawa

Masaƙa ba ta barci. Aiki kashi uku ne, na safe da na rana da na dare, kuma jiniyar kamfani ce agogon unguwa. Ranar da maigida ke aikin safe, uwargida tun kafin asuba ta tashi ta yi ɗumame ko ta dama koko. Makon da yake aikin dare, da hantsi sai a kori yara waje, a ce su yi a hankali Baba na barci. Lokacin canjin aiki titi yakan cika da kekuna, masu fita da masu shiga suna gaisawa a tsaye, masu ƙosai da masu shayi da masu tuwo sun kafa a bakin ƙofa.

Yaran masaƙa suna gane sashen da uban kowa yake. Na sashen kaɗi yakan dawo da burbushin auduga a gashi da gira da gemu, kamar ya yi furfura a wuni ɗaya. Na sashen saƙa yakan ɗaga murya ko da hirar gida ake, domin ƙarar injuna ta saba masa da ihu da magana da hannu, wasu ma da shekaru suka ja sai kunne ya yi nauyi. Na sashen rini da buga zane farcensa ba ya rabuwa da launi. Hatta ruwan da ke gangarowa ta magudanar Kakuri da Makera zuwa kogi yakan sauya kala gwargwadon abin da aka rina.

Albashin ba mai yawa ba ne, amma yana zuwa, kuma da wannan tabbaci aka gina gidaje. Ƙarshen wata a biya mai kanti bashin da ya rubuta a littafi, a zuba adashe, a aika wa tsofaffi a ƙauye, uwargida ta nufi kasuwar Monday a Kakuri. Bonas na ƙarshen shekara shi ke ɗinka kayan Sallah ko na Kirsimeti. Ƙarin albashin Udoji da aka fara biya a 1975, wanda ma'aikatan kamfanoni sai da suka yi ta fama kafin ya iso gare su, ya kawo rediyo da keke da kwanon rufi gidaje da yawa. Da aka buɗe ilimin firamare kyauta a 1976, mutumin da bai wuce aji huɗu ba ya tasa 'ya'yansa maza da mata zuwa makaranta. Kuma bai yar da fartanya ba. Ranar hutu yana gonarsa a bayan gari ko a bakin kogi, masarar da ya noma ita ke rufa asiri idan wata ya yi nisa.

Ƙungiya

Waɗannan magidanta ba su san zaman jiran tausayi ba. A 1978 aka haɗe ƙungiyoyin masaƙu daban-daban suka zama ƙungiya ɗaya ta ƙasa ta ma'aikatan masaƙu da ɗinki, kuma hedikwatarta, Textile Labour House, a kan babban titin Nasarawa take. Daga cikin waɗannan ma'aikata Adams Oshiomhole ya fito. Ya shiga Arewa Textiles a 1969 yana matashi, ya zama babban sakataren ƙungiyar a 1982, shugaban ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa a 1999, sannan gwamnan Edo a 2008. Masana biyu daga Suwidin, Gunilla Andrae da Björn Beckman, sun yi shekaru suna nazarin wannan ƙungiya, suka wallafa littafi a kanta a 1998, inda suka nuna yadda ta riƙe ƙarfinta na ciniki da masu kamfani ko a lokacin da tattalin arziki ya tsuke. Tarihi ya riƙe sunan Oshiomhole. Dubban da suka ɗaga hannu suka zaɓe shi, sunayensu na cikin rajistar albashi ne kawai, da bakin 'ya'yansu.

Yadda zaren ya tsinke

Wahala ta faro tun farkon shekarun 1980, da kuɗin mai ya ja baya aka rasa kuɗin waje na sayen kayan gyara da sinadaran rini. Shirin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, aka kuma rushe hukumar cinikin auduga, manomi ya rasa mai tsaya masa. Wutar NEPA ta zama sai an gani, baƙin man da ake hura tukunyar tururi da shi ya yi tsada. A 1997 gwamnati ta ɗage haramcin shigo da yadi. Atamfar China mai araha, wata ma ɗauke da zanen da aka kwaikwaya daga na Kaduna, ta riƙa shigowa ta Kwatano da Maraɗi har ta cika kasuwar Kantin Kwari.

Ana cikin wannan sai rikicin Shari'a na watan Fabrairu da na Mayun 2000 ya auka wa garin, na gasar sarauniyar kyau ya biyo a Nuwamban 2002. Unguwannin kudu da aka fi cakuɗuwa, irin su Nasarawa, sun ji jiki. An rasa rayuka, an ƙone gidajen da aka gina da adashen shekara da shekaru. Musulmi da yawa suka tattara suka nufi Rigasa da Tudun Wada, Kiristocin arewacin kogi suka gangaro Sabon Tasha da Telebijin da Gonin Gora. Mutanen da suka yi shekara ashirin suna karɓar inji ɗaya daga hannun juna suka koma sai an yi shiri kafin a ziyarci juna.

A ƙarshen 2002 KTL ta rufe. Nortex da Finetex da Arewa Textiles suka bi sahu cikin 'yan shekaru. UNTL, wadda ta fi su girma, ta tsaya a 2007, ta sake buɗewa a 2010 da tallafin asusun farfaɗo da masaƙu na gwamnatin tarayya, amma ba ta koma yadda take ba.

Uwargida ta ɗauki kaya

Mutum mai shekara hamsin da bai san wata sana'a ba sai kula da inji, ina zai nufa? Wasu suka hau acaɓa, wasu suka kama gadi, wasu suka koma ƙauyen da suka bari tun suna samari, inda ba su da gona ba su da ɗaki. A nan ne matan suka fito. Wadda ke tuyar ƙosai don marmari ta koma ita ke ciyar da gida. Wasu suka shiga wankau, wasu surfe, wasu saran hatsi. An cire yara daga makaranta, an kuma samu waɗanda uwa ta sayar da zannuwan lefenta don su ƙarasa. Da yawa daga malaman makaranta da ma'aikatan jinya da sojoji da telolin da Nasarawa ke alfahari da su yau, wannan haɗin gwiwar uba da uwa ne ya fitar da su.

Tsofaffin ma'aikatan KTL da Arewa da Nortex da Finetex suka kafa gamayya don neman garatuti da kuɗin sallama. Sun je kotu, sun yi zanga-zanga, sun sha tsayawa da kwalaye a rana duk lokacin da gwamnonin Arewa suka zo taro Kaduna. Shekara na zagayowa, mazan da ke cikin jerin na raguwa, matan da suka gama takaba da marayu na maye gurbinsu, riƙe da katin shaidar aiki da takardar ɗaukar aiki da suka adana a leda. Abin da ma'aikatan KTL kaɗai ke nema kimanin naira miliyan 687 ne. Lokacin da aka rufe masaƙar kuɗi ne mai sayen gidaje, yau kuwa faɗuwar naira ta cinye mafi yawan darajarsa.

KTL ba ta wani Bature da ya tsere ba ce. Mallakar jihohin Arewa 19 ce, gadon da gwamnatin Sardauna ta bar musu. 'Ya'yan waɗannan magidanta sun yi nasu, sun yi jinyar iyayensu, sun binne su, suna yi musu addu'a a masallaci da coci. Bashin mamaci kuwa, kowa ya sani, ba ya faɗuwa don mai shi ya kwanta dama. Magadansa ake biya, kuma magadan suna nan a Nasarawa da Kakuri, takardunsu a hannu.